Wa Zai Biya Kwanon da Iska Ta Yaye?

 Tun shekarar 2008 da muka yi aure ba mu taɓa kwana ƙarƙashin rufin kanmu ba. Aikin koyarwa a makarantar ikkilisiya ya fara kai mu Shinkafi, daga baya ya komo da mu nan Ƙaura, ko'ina kuwa haya mu ke yi. Mun sani da yawa cikinku haka ku ke, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu ɗinki da 'yan kasuwa, kowa da mai gidan hayarsa. Domin wannan muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya same mu a farkon daminar 2024, ko da ya ke akwai wurin da labarin bai yi mana kyau ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare hadari ya taso daga gabas, kamar yadda ya saba a ƙasar nan. Kafin ɗigon ruwa ɗaya ya sauka iska ta riga ta iso. Muna kwance muka ji kwano yana ɗagawa yana komawa, sa'an nan muka ji ƙusoshi suna sakin katako ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta yi maza ta kwashe yara zuwa falo. Ba ta gama rufe ƙofa ba sai rufin ɗakin kwana ya tashi gaba ɗaya, silin ya zubo, har muna ganin walƙiya daga inda mu ke tsaye. Da gari ya waye muka iske rabin kwanon a tsakar gidan maƙwabci, sauran kuma ya nannaɗe a jikin itacen bedi, watau dogon yaro, da ke ƙofar gida. Katifa biyu sun jiƙe sharkaf, buhun masara ya sha ruwa, littattafan da muka tara tun muna karatun difloma sun zama kamar tuwo, har da takardun gwajin 'yan aji biyar waɗanda muka kawo gida domin mu duba. Amma ba wanda ya sami ko ƙwarzane, muka gode wa Allah.

Da hantsi mai gidan ya zo. Alhaji dattijo ne mai sayar da hatsi, gidan kuwa gadonsa ne. Bari mu faɗa tun yanzu, ba mugun mutum ba ne. Shekara shida mu ke zaune a gidansa, ko sau ɗaya bai taɓa ci mana mutunci a kan kuɗi ba, da babbar salla kuma ba ya fasa aiko wa yara nama. Ya yi mana jaje, ya zaga ya duba, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Malam, wanga abu ikon Allah na. Ba ni na aiko iska ba, kai ma ba kai ka kira ta ba. Tun da hakanan na, sai mu raba, ni rabi kai rabi."

Muka ce, "To, Alhaji, bari dai kafinta ya zo mu ji."

Kafinta ya zo ya yi lissafi: kwano bandir biyu, katako, ƙusa, silin da kuɗin aiki, duka naira 240,000. Hayarmu ta shekara guda naira 120,000 ce. Watau rabin da Alhaji ya ke so mu biya daidai ya ke da hayar shekara cur, a kan gidan da ko bulo ɗaya ba namu ba ne. Ga wanda ya san albashin malamin makarantar ikkilisiya ba sai mun yi dogon bayani ba.

Fushi muka fara yi, amma bai daɗe ba tsoro ya kore shi, gama duk wanda ya san Ƙaura ya san ɗaki ya yi wuya. Ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1983, kowace shekara sababbi suna neman wurin kwana. Ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji, waɗanda ko zaure aka ba su za su karɓa da godiya. In ɗan haya ya cika magana, akwai masu jira a bayansa da kuɗi a hannu. Kayan gini kuwa sun yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Saboda haka shi ma Alhaji yana da nasa ciwon: iskar dare ɗaya ta cinye masa hayar shekara biyu.

Mun yi ta tunanin inda Alhaji ya samo wannan magana ta "mu raba", gama ba shi kaɗai ya ke faɗinta ba. A ganinmu tushenta tsohuwar al'ada ce. A dā, a garuruwan nan, baƙo ya kan sauka wurin mai masauki, in kuwa zamansa zai yi tsawo sai a ba shi aron gida. Ka zauna ba ko kwabo, amma kai za ka yi yaɓe kafin damina, ka share indararo, ka ta da katangar da ta zube. Mai gida ya huta, gidansa bai zama kango ba, baƙo kuma ya sami wurin sa haƙarƙarinsa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura a 1929, ta tsaya nan ƙarshen layi, sai gari ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da masu awon gyaɗa da auduga, mutanen da ke da albashi amma ba su da gida. Da irinsu ne haya ta yi ƙarfi, kwano kuma ya fara maye wurin azara. Amma tunanin aro bai fita daga zukatan mutane ba. Har wa yau akwai mai gidan da ke karɓar kuɗin haya da hannun dama, da hagu kuma yana jiran irin gyaran da a ke yi wa gidan aro. Alhali tun a Dokar Musa an raba tsakanin biyun nan. A Littafin Fitowa sura 22, aya 14 da 15, an yi maganar dabbar da ta ji ciwo ko ta mutu a hannun wani. In aronta aka yi, mai ita kuma ba ya wurin, sai mai aro ya biya. In kuwa hayarta aka yi, hasarar ta riga ta shiga cikin kuɗin hayar. Watau abin da mu ke miƙawa kowace shekara ba kuɗin inuwa kaɗai ba ne, a cikinsa akwai kuɗin tsufan gida.

Amma kada wani ya ɗauka ɗan haya ba shi da nasa kaso. Shinkafi ce ta koya mana wannan tun muna ango da amarya. Soro ne na ƙasa mai rufin azara, na wata tsohuwa da mu ke kira Inna. Ran da ta ba mu mabuɗi ta nuna mana indararo, ta ce mu riƙa dubawa. Mu kuwa 'yan boko da muka tashi a gidan kwano, muka ce to, muka manta. Iskar bazara ta tara leda da ganye a bakin indararon, ruwan fari ya sauka bai sami hanya ba, ya kwana a kan soro, ƙasa ta jiƙa ta yi nauyi, azara biyu suka karye. Inna ta zo ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Ɗana, ɗakin ƙasa awa jinjiri ya ke, wadda ka goye da shi ita ka share mai majina." Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ambaci kuɗi ba. Mu da kanmu muka shiga kasuwar Alhamis muka sayi azara, muka biya magini. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. To, a gidan haya mai ɗakin nan da a ke faɗi ba mai takardar fili ba ne, mai kwana a ciki ne.

Mu koma Ƙaura. Muka shimfiɗa tampol a kan ɗakin, mu shida muka takure a falo, muka shiga neman sani. Maƙwabcin nan da kwanonmu ya faɗa gidansa malami ne mai karantar da fiƙihu a zaurensa, muna kuwa mutunta juna ƙwarai. Da muka je ɗauko kwanon muka tambaye shi. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a ƙasar nan, ɗan haya amintacce ne a kan abin da aka ba shi, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Muka ji daɗi. Sai ya ƙara da abin da ba mu so ji ba. Ya ce bisa ga sanannen ra'ayi ba a tilasta wa mai gida ya gyara. Abin da ɗan haya ya ke da shi, in gida ya ƙi zaunuwa, shi ne ya warware hayar ya tashi, a mayar masa da kuɗin kwanakin da suka rage. Muka yi godiya muka fito. Tashi zuwa ina, a Ƙaura, ga damina ta sauka?

Ran Lahadi muka tari wani ɗan'uwa lauya wanda ya kan yi sujada tare da mu in ya zo daga Gusau. Tambayarsa ta fari ita ce, "Malam, ina yarjejeniyarku?" Muka ce rasit kaɗai mu ke da shi. Ya girgiza kai, ya ce alƙali abin da aka rubuta ya ke fara dubawa. In babu, sai a koma ga ka'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila: ɗan haya ya riƙe gida kamar mai hankali, ya biya ɓarnar da shi ko iyalinsa ko baƙinsa suka yi, amma ba ruwansa da lalacewar da tsufa ya kawo. Ya ba mu labarin shari'ar Warren da Keen ta 1953, inda aka kai wani ɗan haya ƙara domin bango ya jiƙe, katakon tagogi kuma ya ruɓe. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta wanke ɗan hayar. Ɗaya daga cikin alƙalan, mai suna Denning, ya bayyana cewa aikin ɗan haya ƙananan hidimomi ne, irin su share bututun hayaƙi, gyara wuta in fis ya ƙone, da buɗe magudanar da dattinsa ya toshe. Muka ce a zuci, ashe indararon Inna ke nan da Turanci. Ya ce Jihar Legas ma, a dokar haya da ta yi a 2011, haka ta raba: ɗan haya ya kula da gida ban da lalacewar yau da kullum, mai gida kuma ya gyara wajen gini da wuraren da a ke tarayya a kansu.

Game da katifa da littattafai kuwa, ya tambaye mu ko mun taɓa gaya wa Alhaji rufin yana da matsala. Nan bakinmu ya yi nauyi. Gaskiya da hunturu mun ga hanyar gara tana hawa bangon gabas, mun kuma ga garin katako yana zubowa ta tsagar silin. Mun faɗa wa yaron da Alhaji ya kan aiko karɓar haya, sau ɗaya, a tsaye a ƙofar gida. Ba mu sake bi ba, domin muna tsoron kada tuni da gyara ya tuna wa Alhaji da ƙarin kuɗi. Lauya ya ce, "Abin da ke ɓoye cikin ɗakinka, yaya mai gida zai gyara in bai sani ba? Maganar baki ga yaro, ba shaida, ba takarda, da wuya ta tsaya." Ya ƙara da cewa ko da ya ke tun watan Janairu na 2000 kotunan shari'ar Musulunci su ke aiki a Zamfara, ba a tilasta wa Kirista zuwa can sai ya yarda, akwai kotun majistare. "Amma Malam, kuɗin zirga-zirga da ɗage zama za su kusan kai na kwanon. In ka yi nasara kuma, ka ci shari'a ka rasa gida."

Duk da haka mun komo gida da ƙarfin gwiwa, gama malamin fiƙihu da lauya da Littafin Fitowa duka sun haɗu a kan abu ɗaya: rufin na Alhaji ne. Har mun shirya maganar da za mu faɗa a zauren mai unguwa.

Ran Litinin kafinta ya hau ya sauke sauran katako. Da yamma, bayan mun tashi daga makaranta, ya ja mu gefe. Ya nuna mana na gabas: gara ta cinye cikinsa sarai, sai ɓawo, in ka matsa da yatsa ya burme. Ta nan iska ta shiga. Sa'an nan ya jawo wani guda daga yamma, baƙi ƙirin, ya ruɓe, ba kuwa alamar gara a jikinsa. Ya ce, "Malam, wannan ruwa ne ya ci shi. Daidai nan farantin sola ya ke."

Ya ku masu karatu, ga wurin da labarin bai yi mana kyau ba. Shekara biyu kafin wannan, da wutar lantarki ta gagara, mun sa wani yaro ya ɗora mana ƙaramin farantin sola domin fitila da cajin waya. Ya huda kwano wuri biyar, ya liƙe da kwalta. Ba mu nemi izinin Alhaji ba. Da damina ta fari wurin ya fara ɗiga, muka sa roba muna tara, muka ce za mu gyara. Damina ta biyu ma haka. Kafinta ya ce da katakon nan yana da lafiya, da kwano uku na ƙarshe ba su tashi ba, silin ɗin wannan kusurwa kuma tun kafin iska ya mutu. Ya kimanta ɓarnar a naira 35,000. Ya dube mu ya ce, "Duka katakon nan murhu za shi. In ka yi shiru, na yi shiru."

Ba za mu yi muku ƙarya ba, mun yi shiru har dare. Muka kawo wa kanmu dalilai masu kyau. Ai iska ce ta yi aikin. Ai Alhaji ya fi mu. Ai mun riga mun yi hasarar katifa da littattafai, wa zai biya mu? Har muka tsara wa uwargida su ɗaya ɗaya kamar muna darasi a aji. Tana tsince masarar da ta jiƙe, ba ta ɗaga kai ba sai da muka gama. Sa'an nan ta ce, "Malam, ni ce na ke sa robar, ni ce na ke zubar da ruwan. Yara ma sun gani. In ka je gaban mai unguwa ka ce ba laifinmu ko kaɗan, da wane baki za ka tsawata musu ran da suka fasa abu suka ɓoye?"

Muka ce, "Maman yara, dubu talatin da biyar fa."

Ta ce, "Na ji. A layin nan mu kaɗai ne Kirista. Kafinta kuma yana da baki, yau ya yi shiru, gobe fa?"

Ba mu san wanne ya fi kama mu ba cikin maganganunta, ta yara ko ta kafinta, ba ma so mu yi wa kanmu ado a nan. Abin da muka sani shi ne ran Laraba muka ɗauki katako biyu a kafaɗa zuwa zauren mai unguwa, na gara da na ruwa.

Bayan gaisuwa mai unguwa ya ba Alhaji magana, ya maimaita tasa ta rabi da rabi. Da aka ba mu muka ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidu biyu mun kawo, ɗaya namu, ɗaya a kanmu." Muka ajiye na gara, mai unguwa ya matsa shi da sandarsa ya burme. Aka kira yaron Alhaji, ya sunkuyar da kai ya ce lalle Malam ya faɗa masa, shi ne ya sha'afa. Sa'an nan muka ajiye na biyu, muka faɗi labarin sola tun daga fari. Fuskar Alhaji ta sake. Ya ce, "Malam, kai ka hude mani kwano ban sani ba?" Muka ce, "Alhaji, mun yi kuskure, a yi mana aikin gafara." Ya yi faɗa sosai, muka kuwa sha, gama muna da shi. Ya ce da ɗansa ne ya yi haka da ya ji a jikinsa.

Mai unguwa ya bari ya huce, sa'an nan ya yanke. Abin da gara da tsufa da iska suka yi na mai gida ne, gama gidansa ne, ran da ɗan haya ya tashi ba zai tafi da kwano ba. Abin da sola ta jawo na ɗan haya ne. Katifa da littattafai kuwa kowa ya ɗauki haƙuri, tun da saƙon bai isa kunnen Alhaji ba, Malam kuma bai bi sawunsa ba. Mun so mu ce ai yaron nasa ne, kunnen yaro kunnen ubangidansa ne, har yanzu kuwa muna ganin akwai gaskiya a nan. Amma mutumin da ya shigo da katakon laifinsa a kafaɗa ba ya cika dogon musu.

Saura kuɗi. Alhaji ya ce jarinsa yana cikin hatsi da taki, abin da zai iya fitarwa a lokacin naira 85,000 ne. Aka shirya mu ba da 35,000 namu, mu kuma ba da 120,000 a matsayin hayar shekara mai zuwa tun kafin lokacinta. A nan muka tuna da gargaɗin lauya, cewa ɗan hayar da ya yi gyara da kuɗinsa ba da yardar mai gida ba, kada ya sa rai za a cire masa daga haya. Muka roƙa a rubuta. Alhaji ya ɗan ji zafi, ya ce shekara shida ba mu taɓa buƙatar takarda ba. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, ba domin ku ba ne, domin magada ne." Muka yage takarda daga littafin rubutu, muka rubuta da Hausa kofi biyu, kowa ya sa hannu, malamin fiƙihu da wani dattijon ikkilisiya suka zama shaidu. Uwargida ta roƙi matan adashinsu suka ba ta kwasa kafin layinta, ta sayar da awaki biyu, shugaban makaranta kuma ya ba mu rancen albashi. Cikin kwana tara muka koma ɗaki.

Ba kowace irin wannan magana ce ta ke ƙarewa a zaure ɗaya ba. Wani abokin aikinmu yana haya a Zurmi sa'ad da abubuwa suka tsananta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara duka, aka kuma rufe kasuwannin mako. Ya kulle gida ya kwashe iyali ya fito, mai gidan kuwa yana Kano, ba hanyar gaya masa. Da ya koma bayan watanni ya iske an ɓalle ƙyamare biyu da tagogi an tafi da su. Mai gida ya nemi kuɗinsu da hayar watannin duka. A namu ganin ƙyamaren ba sa kansa, gama ba wanda zai ce mutum ya zauna gadin ƙofa da ransa. Amma haya tana binsa, tun da kayansa suna ciki, mabuɗi kuma yana aljihunsa. Da ya miƙa shi ga mai unguwa ran da zai fita, da maganar ta zo da sauƙi. Shi bai yarda da mu ba, mai gidan ma bai yarda ba, har yau in sun gamu ba su gaisawa.

A takardarmu ta zaure mun ƙara layi kaɗan a ƙasa. Kwano da katako da katanga da ramin masai na Alhaji ne. Ƙwan fitila, kan famfo, makulli, gilashin da yara suka fasa, da sharar magudana namu ne. Ba za mu huda ko mu fasa kome ba sai mun tambaya. In mun ga matsala za mu rubuta mu kai hannu da hannu. Mun kuma ɗauki hoton kowane ɗaki da waya ran da kafinta ya sauka, abin da ya kamata mu yi tun ran da muka tare.

Da shekarar da muka biya ta cika, Alhaji ya zo da kansa, ya zauna a falo, ya ɗaga kai ya dubi sabon silin, ya ce, "Malam, gida ya koma sabo. Bana ɗari da hamsin na." Watau naira 150,000. Muka yi ta roƙo, uwargida ta fito ta gaishe shi ta sa baki, da ƙyar ya sauko zuwa 140,000. Farantin sola yanzu yana kan wani ƙarfe da muka kafa a tsakar gida. Da hunturun da ya wuce autanmu ya shigo da gudu ya ce ya ga hanyar gara a bangon gabas. A daren nan muka rubuta takarda, da safe kafin mu tafi makaranta muka biya ta rumfar Alhaji muka ba shi a hannu. Ya sa aka karanta masa, ya yi dariya, ya ce Malam da takarda. Kashegari yaronsa ya iso da galan na baƙin mai da buroshi, babban ɗanmu ya riƙe masa tsani.